Yada zango: Matsayin ranar hutu a tafiyar Hajji ta ƙasa

Maniyyacin da ya bar garin Gidan Goga, a ƙaramar hukumar Maradun ta jihar Zamfara, a wannan zamani kan sauka a Jidda ko Madina cikin sa'o'i huɗu zuwa biyar daga lokacin da jirgi ya ɗaga. Kakanninsa da suka ƙulla irin wannan niyya shekaru ɗari da suka wuce kuwa da ƙafa suka taka, kuma babbar shawarar da ke gabansu kowane mako ita ce ranar da za a ci gaba da ranar da za a kwance kaya a huta.

Wannan shawara ta shafi rai da lafiya. Ayarin da ya ƙi hutawa kan bar marasa ƙarfinsa a hanya, wanda ya cika zama kuma guzurinsa kan ƙare, ko lokacin tsayuwar Arfa ya wuce shi ya jira wata shekarar.

Hausawa na da kalma guda da ta tattara wannan ilmi, wato zango. Zango shi ne wurin da ayari ke sauka, shi ne kuma tazarar da ke tsakanin sauka da sauka. Kalmar ta bar sawunta a sunayen wurare kamar Zangon Daura da Zangon Kataf, da kuma unguwannin Zango na Kumasi da Accra a ƙasar Ghana, inda fatake suka sauka har suka zama 'yan gari.

Daga Zamfara zuwa bakin Bahar Maliya

Hanyar da akasarin talakawan ƙasar Hausa suka bi a ƙarni na 20 ta nufi gabas ne kai tsaye. Mutumin Maradun ko Bakura ko Talata Mafara kan bi ta Gusau ya isa Kano, daga nan ya nufi Borno.

Daga Maiduguri sai Dikwa, sai a haye kogi a shiga Fort Lamy, wato birnin Njamena na yanzu. Daga can a ratsa ƙasar Cadi zuwa Abeche ta ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Al-Junaina, a wuce Al-Fashir da An-Nuhud da Al-Ubayyid, har a iso kogin Nilu.

Bayan Nilu akwai sauran tafiya ta Gadarif da Kassala zuwa Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa a tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Daga Jidda zuwa Makka kuma tafiyar kimanin kilomita 75 ce.

Idan aka haɗa, tafiyar ƙasa daga Zamfara zuwa Sawakin ta haura kilomita 4,000. Mutumin da ke cin kilomita 25 a kullum, ba tare da ya tsaya ko yini ɗaya ba, zai buƙaci kusan wata shida. Idan ya ware yini ɗaya a kowane mako, sai a ƙara masa kusan wata guda.

Sai dai wannan lissafin takarda ne. Masu bincike irin su J.S. Birks, wanda ya wallafa nazarinsa kan wannan hanya a 1978, sun nuna cewa mahajjata da yawa shekaru suka yi kafin su isa, domin zaman da ake yi a hanya ya fi tafiyar kanta tsawo.

Me ya sa aka taka da ƙafa?

Talauci na daga cikin dalilai, amma akwai kuma dalili na fiƙihu. Alƙur'ani ya wajabta Hajji a kan wanda ya sami iko, kuma malamai sun yi saɓani kan ma'anar ikon.

Wasu mazhabobi sun fassara shi da mallakar guzuri da abin hawa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yaɗu a ƙasar Hausa, iko shi ne yiwuwar isa Makka ba tare da matsananciyar wahala ba, tare da aminci a kan rai da dukiya. Mukhtasar na Shehu Khalil ya bayyana cewa mai sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, wanda kuma ke iya tafiya da ƙafa, yana cikin masu iko ko da ba shi da guzuri ko dabba.

Wannan fahimta ce ta buɗe ƙofa ga manomi da maɗinki da wanzami da dukawa da almajiri. Ita ce kuma ta sa tsayawa a hanya ya zama ɓangare na tsarin tafiyar, tun da mai dogaro da sana'arsa dole ne ya zauna ya yi ta kafin ya sami na gaba.

Sharaɗin aminci ma malaman Sakkwato ba su ɗauke shi da wasa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kimanin shekaru biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, har ya zauna a Faru da ke yankin Maradun, bai sami zuwa Hajji ba. A ƙuruciyarsa ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas, amma da malamin ya wuce Makka sai Shehu ya komo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Ɗansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ma bai je ba, ya kuma yi rubutu kan haɗurran da ke tattare da hanyar a zamaninsa.

Zango iri uku

Ana iya kasa hutun matafiya gida uku. Na farko shi ne zangon kwana. Ayari kan tashi da asuba ko ma kafin ketowar alfijir, ya yi tafiya cikin sanyin safiya, ya sauka kafin rana ta take. Sauran yinin na neman ruwa ne da itace da kiwon dabbobi da girki.

Na biyu shi ne yini guda ko kwana biyu zuwa uku da ake yi ba a ɗaura kaya ba. Wannan shi ne ainihin ranar hutu. An fi yin sa a garin da ke da ruwa da kasuwa da masallaci, ko kuma gab da shiga wani dogon daji inda rijiyoyi ke nesa da juna.

Na uku shi ne zaman damina. Yawanci akan bar gida bayan kaka, lokacin da an yi girbi, hanya ta bushe, ga kuma sanyin hunturu. Da ruwa ya sauka, baƙar ƙasa mai danƙo ta yankin Dikwa da kewayen tafkin Cadi kan riƙe ƙafar mutum da ta jaki, koramu su cika, tafiya ta tsaya. A nan matafiyi kan nemi aron gona ko ya yi ƙodago har kaka ta zagayo.

Tsarin ayarin mahajjata ya ɗauko abubuwa da yawa daga fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja. A can, madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da masauki, uban dawaki kuma na kula da sha'anin sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Madugu ke yanke ranar tashi da ranar zama, kuma gwanintarsa ta dogara ne da sanin inda ruwa yake da sanin ƙarfin mafi rauni a cikin mutanensa.

Ranakun kasuwa ma na shiga lissafi. Gari irin Talata Mafara, wanda ranar cin kasuwarsa ke cikin sunansa, misali ne na yadda mako ke juyawa a karkara. Matafiyin da ya iso gari ana gobe kasuwa ya fi samun riba idan ya jira, domin a nan zai sayar da abin da ya ɗauko, ya sayi gero, ya musanya jakin da ya rame, ya kuma ji labarin hanya daga bakin waɗanda suka fito gabas.

Aikin da ke cikin ranar hutu

Sunan hutu ne kawai, amma yinin cike yake da hidima. Mata kan daka gero su tanadi garin da za a dama a hanya, a yi wanki, a yi wa yara kitso da aski. Maza kan ɗinke takalman da suka tsinke, su gyara mangala da akumari, su duba salka ko tana yoyo.

Ƙafa ce jarin matafiyi, saboda haka ita ake fara dubawa. Akan cire ƙaya, a wanke faso a shafa masa man kaɗanya ko man shanu, a bar bororo ya sha iska.

Dabbobi su ma na da nasu haƙƙin. Jakin da kaya ya goge wa baya har ya yi miki, in ba a sauke masa nauyi na kwana ɗaya ko biyu ba, mikin kan ci gaba har a rasa dabbar. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci matafiya su bar raƙuma su ci rabonsu idan ana ratsa ƙasa mai ciyawa, su kuma gaggauta idan ana ratsa ƙasar fari. A hadisin ya kuma yi hani da yin zangon dare a kan hanya, domin nan ce mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari.

Ruwa ne ke da magana ta ƙarshe. A tsakanin Darfur da Kordofan akwai wuraren da mazauna ke rarake kututturen kuka su tara ruwan damina a ciki, wasu kuma su dogara da kankana domin kashe ƙishirwarsu da ta dabbobinsu. A irin wannan yanki zama na cin ruwa ne kawai, don haka akan huta tun kafin a shiga, a cika salkuna, sannan a ratsa da sauri.

Haka tsarin yake a sauran hanyoyin Hajji na duniyar Musulmi. Ibn Battuta, wanda ya bi ayarin Sham daga Dimashƙa a 1326, ya ba da labarin zaman kwana huɗu a Tabuka domin hutawa da shayar da raƙuma kafin a shiga hamada, da kuma wani zaman kwana huɗu a Al-Ula domin wanki da sayen guzuri. A hanyar Kufa zuwa Makka kuwa, tafkuna da rijiyoyin da ake dangantawa da Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, su suka tsara inda ake sauka.

Abin da likitoci suka gano

Ilmin likitanci na zamani ya gaskata yawancin abin da madugai suka sani ta hanyar gogewa. Jiki na ajiye wani nau'in sukari a tsoka da hanta wanda doguwar tafiya ke cinyewa, kuma yakan ɗauki kimanin yini guda na hutu da cin abinci mai kyau kafin ma'ajiyar ta sake cika.

Ciwon tsoka da ke biyo bayan aikin da jiki bai saba ba ya fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin. Wannan ne ya sa kwana na uku da na huɗu na tafiya suka fi na farko wuya, kuma hutun farko ya kamata ya zo da wuri.

Ƙashi da jijiyoyi sun fi tsoka jinkirin sabawa. Maimaita taku dubbai a kullum, musamman da kaya a ka, na iya haddasa siririyar tsagewa a ƙasusuwan tafin ƙafa. Wani likitan soja a ƙasar Prussia ne ya fara bayyana wannan ciwo a 1855, a jikin sojojin da ke doguwar tafiya. Ciwon kan fara ne a wuri guda, ya ƙaru da tafiya, ya lafa da hutu. Wanda ya saurare shi da wuri zai huta na ɗan lokaci, wanda ya danne kuma yana iya yin makonni shida ko fiye bai taka ba.

Zafi ya fi duk waɗannan haɗari. Mai tafiya cikin rana na iya zubar da lita ɗaya ta gumi ko fiye a sa'a guda, tare da gishirin jiki. Sabawa da yanayi mai zafi kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Idan zafin jiki ya kai maki 40 a ma'aunin Celsius, mutum ya fara ruɗewa ko sambatu, to an shiga halin gaggawa, kuma abin yi shi ne a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a nemi likita nan take.

Ga wanda gudawa ko gumi ya tsotse, ma'aikatan lafiya na ba da shawarar ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Alamun da ke nuna cewa lokacin tsayawa ya yi sun haɗa da ciwon da ke sa mutum ɗingishi, fitsari kaɗan mai duhu, rashin sha'awar abinci, zazzaɓi, da kuma gajiyar da barcin dare bai kore ta ba.

Kwana huɗu a ma'aunin malamai

Tsawon hutu na da hukuncinsa a ibada. Matafiyin da ya nufi tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, yana ƙasaru, ya mayar da sallolin Azahar da La'asar da Isha'i raka'a biyu-biyu. An kuma yi masa rangwamen ajiye azumin Ramadan ya rama daga baya, kuma Juma'a ba ta wajaba a kansa ba, ko da yake in ya halarta ta isar masa.

A Malikiyya, da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda, hukuncin tafiya ya yanke. Zai cika salla, ya ɗauki azumi, ya halarci Juma'a idan ana yin ta a garin. Shafi'iyya na kusa da wannan ra'ayi, yayin da Hanafiyya suka sanya iyakar a kwana 15.

Daga cikin hujjojin masu cewa kwana huɗu akwai izinin da Annabi ya ba Muhajirai na zaman kwana uku a Makka bayan kammala aikin Hajji, abin da ya nuna cewa kwana uku ba su mai da mutum mazauni.

Ke nan hutun yini ɗaya ko biyu ko uku bai fitar da mahajjaci daga cikin matafiya ba. Haka kuma wanda wani uzuri ya tsare, kamar jiran kogi ya janye ko jiran jirgin ruwa, bai kuma san ranar tashi ba, zai ci gaba da ƙasaru muddin bai ƙulla niyyar zaman kwana huɗu ba.

Tun da wata biyu ne kacal, Shawwal da Zulƙida, ke tsakanin Ramadan da watan Hajji, waɗanda ke zangon ƙarshe kan fuskanci zaɓi: su zauna su yi azumi a gari, ko su karɓi rangwame su ci gaba domin kada jirgin Sawakin ya bar su.

Ko hutu na rage lada?

Akwai masu ganin cewa gwargwadon wahala gwargwadon lada, don haka tsayawa tamkar gazawa ce. Malamai kan bambance tsakanin wahalar da ibada ta zo da ita da wadda mutum ya ɗora wa kansa da gangan.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi ya ga wani dattijo yana tafiya 'ya'yansa biyu na tallafe da shi. Da aka shaida masa cewa bakance ya yi zai je Ka'aba da ƙafa, sai ya bayyana cewa Allah ba ya buƙatar mutumin ya azabtar da kansa, ya kuma umarce shi ya hau abin hawa. Makamancin haka ya faru da 'yar'uwar Uƙbatu ɗan Amir, wadda aka ce ta yi tafiya ta kuma hau.

Tafiye-tafiyen Annabi da kansa na da zango. A Hijira ya yi kwana uku a kogon Sauru, ya kuma sauka a Ƙuba na wasu kwanaki kafin ya shiga Madina. A Hajjin bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, ya kwana a Zulhulaifa bayan barin Madina, ya kuma kwana a Zi Ɗuwa kafin ya shiga Makka da safe.

Shi kansa aikin Hajji an gina shi da wuraren numfasawa. Ranar 8 ga Zulhajji ana yini a kwana a Mina kafin Arfa. An so mahajjaci ya bar azumin ranar Arfa domin ya sami ƙarfin addu'a. Ranar 11 ga wata kuma Larabawa na kiran ta Yaumul Ƙarri, ma'ana ranar da alhazai ke tabbata a Mina bayan hidimar ranar layya.

Zangon da ya zama gari

Hutu na da nasa tarkon. Kowane yini na zama yana cin guzuri, kuma wanda ya zauna domin neman kuɗi na iya yin aure, ya haihu, ya ci bashi, tafiya ta yi ta ja da baya.

Tarihi na da misalai na manya. Mansa Musa na Mali ya yi kimanin wata uku a Alƙahira a 1324. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar fagen jihadi wajen 1807 da nufin tafiya gabas, amma da ya sauka a Kano mutanen garin suka riƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, daga bisani ya komo. Alhaji Umarul Futi kuwa a hanyarsa ta dawowa daga Makka ya yi shekaru a Sakkwato, har bayan rasuwar Muhammadu Bello a 1837.

Babban misali shi ne na Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, ya fita ya nufi gabas, dubban jama'a na bin sa daga garuruwan da ya ratsa. An kashe shi a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'ar har gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ƙodago ya samu ga mahajjatan Afirka ta Yamma. Wasu sun tara kuɗi sun wuce, wasu sun zauna. C. Bawa Yamba, wanda ya wallafa bincikensa a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗannan matafiya a ƙauyukan Sudan, an haife su a can, ba su taɓa ganin Makka ba, amma suna ɗaukar kansu a matsayin mahajjatan da ke kan hanya.

Akwai kuma waɗanda zama ya jefa cikin hannun miyagu. Rahotannin zamanin mulkin mallaka sun ambaci sayar da yara da mata daga cikin matafiya a matsayin bayi, abin da ya sa hukumomi suka tsaurara batun fasfo da ajiyar kuɗin komowa. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta a hukumance.

Mota da jirgi sun sauya lissafi

Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, yayin da a Sudan ya kai Al-Ubayyid tun farkon shekarun 1910. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano suka shiga jigilar alhazai da manyan motoci, kafin jirgin sama ya karɓe ragamar. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, sannan dokar 2006 ta samar da hukumar NAHCON.

Tsohuwar hanyar kuwa rikici ya rufe ta. Yankin tafkin Cadi na fama da Boko Haram tun 2009. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita Al-Junaina da Al-Fashir, garuruwan da a da suke manyan zangunan alhazai. A Zamfara ma, hare-haren 'yan bindiga sun shafe shekaru suna addabar ƙauyukan Maradun da Bakura da Talata Mafara. Sharaɗin aminci da malaman Malikiyya suka gindaya ya isa ya hana mai hankali bin wannan hanya da ƙafa.

Duk da haka ana samun masu tattaki daga wasu sassan duniya. Adam Mohamed ya bar Wolverhampton a Ingila cikin Agustan 2021, ya isa Makka cikin Yunin 2022 bayan tafiyar kimanin kilomita 6,500. Idan aka raba da kwanakin da ya yi, abin bai kai kilomita 20 a yini ba. Shihab Chottur ya taso daga jihar Kerala ta Indiya cikin Yunin 2022, ya ci kimanin kilomita 8,640 cikin kwana 370, ciki har da watannin da ya yi a bakin iyaka yana jiran bizar Pakistan.

Kiristocin da ke tattakin Santiago a ƙasar Spain, mai tsawon kusan kilomita 800 daga iyakar Faransa, su ma kan ware yini guda a biranen Burgos da Leon.

Darasi ga alhajin jirgi

Sauƙin tafiya bai kawar da buƙatar hutu ba. Mutumin da ya sauka daga jirgi bai sami makonnin sabawa da zafi da taku da kakansa ya samu a hanya ba. Ga ɗawafi da sa'ayi, ga zirga-zirga tsakanin masauki da Harami sau biyar a yini, ga tafiyar Mina da Arfa da Muzdalifa da wurin jifa.

A Hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Makka. Hukumomin Saudiyya sun ce mutane 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya cikin rana ba tare da inuwa ko wurin hutawa ba.

Wannan ne ya sa malamai da likitocin da ke rakiyar alhazai ke jan hankali da a rage yawan Umra da yawon kasuwa a kwanakin da ke gab da 8 ga Zulhajji, tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini su yi sallolin rana a masallacin da ke kusa da masauki, a guji fita tsakanin hantsi da La'asar, masu rauni kuma su wakilta wani ya yi musu jifa.

Masu iya magana kan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Madugan da suka ratsa Wadai da Darfur sun riƙe rabin farko na karin maganar domin su tsira da mutanensu, rabin na biyu kuma domin kada zango ya zame musu gida. Alhajin Gidan Goga na yau kwanakinsa a ƙasa mai tsarki ƙidayayyu ne, kuma yinin da ya ware ya huta kafin fita Mina na iya zama abin da zai ba shi ƙarfin tsayuwar Arfa.